Ƙulli Na Sha Takwas

Shekara arba'in da ɗaya ina ɗaure jirgi a gaɓar Senja,
igiya ta ci tafin hannuna har ya koma ƙirgi.
Ƙulli goma sha bakwai na iya da ido a rufe,
na kwanciyar ruwa, na guguwa, da na ranar da ba a son tunawa.
Sai ga ni yau, gwiwa cikin ƙanƙara a ƙofar gida,
kujerar 'yar shekara biyu ta gagare ni.

Ragnfrid, 'yata, na tsaye a kaina da tocila,
don rana ta yi mana yaji tun watan jiya.
Ta ce, "Baba, juya ta. Baya za ta fuskanta."
Na ce, yaro ya yi ta kallon inda ya baro?
Mu da muka girma a cinyar uwa cikin motar kifi,
ba ga mu nan da ranmu ba?
Ta ce, "Waɗanda suka rage ne ke ba da labari."
Na yi gum.
Eilif ya faɗo mini a rai, ɗan maƙwabta,
da kwanar gada, da takalminsa ɗaya a kan titi.

Kan yaro nauyi gare shi, in ji ta,
wuya kuwa ɗanyen tsiro ne.
In mota ta ci birki ba shiri,
gara bayan kujera ya karɓe shi gaba ɗaya
yadda tafin hannu ke karɓar ƙwai.

Ran Asabar muka saye ta.
Ni ja na nuna, mai sauƙin kuɗi.
Ita ta ɗora Oddny a sikeli, ta jingina ta da bango,
ta bi rubutun gefen kujera da yatsa:
kilo nawa, tsawo nawa.
Tsohuwar da Gunvor ta zaro mana daga ɗakin ajiya
ta mayar da ita da godiya.
Wa ya san karon da ta sha?
Roba ba ta faɗin ciwonta.

"Cire mata rigar sanyi."
A wannan jaura?
"Rigar iska ce zalla, Baba. Maɗauri zai rungumi iska.
Ɗaure ta tukuna, ka yafa bargo a sama."
Na ja. Ta ce ƙara.
"Mintsini maɗaurin a kafaɗa.
In ya kamu a yatsu biyu, da saura."
Na girgiza gindin kujera kamar ina gwada turken jirgi,
bai motsa ba.

Muka kama hanyar Finnsnes, ni da jikata,
ba na ganin komai nata sai ƙafa a ɗan madubi
tana bugun kujera, tana hira da safar hannunta.
Bayan majami'a, inda itatuwa suka matso titi,
wani ƙato ya fito daga duhu,
ƙafafu kamar dirkoki, ƙaho kamar reshen bishiya.
Na taka birki har ƙashin gwiwata ya amsa.
Butar kofi ta tashi ta daki gilashi,
hulata ta bi ta,
burodi, makullai, tabarau, kowa ya yi gaba.

Shiru.
Injin kaɗai ke numfashi.

Ƙaton ya ratsa ta gefenmu ba gaggawa,
ya zagaya baya, ya nufi daji,
ita da ke kallon baya ita ta raka shi da ido.
"Kaka," ta ce, "saniya!"

Na fito, ƙafata ba ta ɗauke ni sosai.
Na buɗe ƙofarta, sanyi ya shiga tare da ni.
Bargon ya zame ƙasa. Ita tana nan inda na ajiye ta.
Na kai yatsu biyu kafaɗarta, suna rawa,
na mintsini maɗaurin.
Bai kamu ba.